Baba Na'ibi Mai Sauraren Kwalba

La'asar ta yi a Hindawiyya, unguwarmu a Jidda, iskar teku ta ƙi tasowa, gumi na bin bayan kowa kamar an yayyafa masa ruwan gishiri. A irin wannan lokacin ne, tun yawancinmu ba mu san dama da hagu ba, Baba Na'ibi kan fito da teburinsa gefen masallaci. Ya jera kwalaben ruwan zabibi, kowacce sanye da jiƙaƙƙen buhun algarara kamar an ɗinka mata riga.

Aikin tun da safe yake farawa. Shi da matarsa Inna Saudatu su wanke baƙin zabibi, su jiƙa, su kirɓa, su tace, ruwan ya fito ja wur. Wannan kowa zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an buɗe kwalba. A Jiddar wancan zamani babu lantarki a unguwarmu balle tallaja, wato firiji, ƙanƙara kuwa sai gidan masu hali. Ruwan zabibi in ya ji zafi ba ya shawara da kowa, juyawa yake yi. Abin da aka sha yau da bisimilla, gobe sai ya zama abin da Musulmi ba ya kaiwa baki.

Tsoron Baba Na'ibi ke nan duk rayuwarsa, kada wani bawan Allah ya sha abin maye daga hannunsa.

Yana saurayi ya yi wanke-wanke a gidan wani Bature can bakin teku. A nan ya ga yadda kukun gidan ke lallaɓa jar giya in an buɗe ba a shanye ba. Ya juye ragowar a ƙaramar kwalba har wuya, ya toshe, ya kai ta wuri mai duhu da sanyi. Baba bai taɓa ɗanɗanawa ba, amma ido ya ɗauka. Yakan ce, "Shi tsoronsa giyarsa ta zama ruwan tsami, ni tsorona ruwana ya zama giyarsa."

Don haka ragowa ba ta kwana a babbar kwalba a gidansa. Ya ɗauraye ƙanana da tafasasshen ruwa, ya cika su maƙil, ya liƙe baki da kakin zuma, ya tsayar da su ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Kuma ba ya zuba wa kowa sai ya kai kwalba kunnensa, ya rufe ido, ya sassauta murfin a hankali. In shiru, ya zuba. In ya ji tana 'yar raɗa, to rabon kwata ne.

'Yan unguwa su ce, "Ya ammi, yau me ta ce maka?"

Ya ce, "Ta ce wanda bai yi Azahar ba kada a ba shi."

Dattawa ba su manta walimar ɗan Abdulghani mai ɗinki ba. An buɗe manyan kwalaben Baba ana jiran surukai daga Makka, mota ta lalace musu a hanya, aka ɗage taro zuwa washegari. Kwalaben suka kwana a tsakar gida, rana ta fito ta same su. Baƙi sun zauna, an jera kofuna, sai ga Baba ya durƙusa yana kasa kunne.

Abdulghani ya ce, "Yalla ya Na'ibi, mutane na jira! Na ɗanɗana, wallahi ya fi na jiya daɗi."

"Daɗin ne ya ba ni tsoro."

"Kunyata ni za ka yi gaban surukai?"

"Gara kunyar surukai, Abdulghani. Ita tana wucewa."

Ya tuntsurar da su gaba ɗaya, jan ruwa ya bi rariya kowa na kallo. Baƙi suka kora shinkafa da ruwan randa. Abdulghani ya daɗe yana amsa masa sallama ciki-ciki. Yau kuwa shi ne mai ba da labarin, yana dariya har da hawaye, yana cewa saura ƙiris ya sa limamin unguwa ya yi rawa.

Kai ne, Baba, wanda ya yarda a yi fushi da shi don a kwana lafiya da Ubangiji. Kai ne muka sha ruwa da kofinka azumi bayan azumi, igwar buɗa-baki na tashi mu miƙa hannu ba tare da tambaya ba, don mun san an riga an yi mana tambayar. Mai kunnen amana, ba ka taɓa sayar da shakka ba.

Bana, gab da azumi, ya ɗauki kwalba daga ƙarƙashin randa ya saurara kamar kullum. Shiru. Har ya ɗaga zai sa a kwando, Inna Saudatu ta ɗago daga turmi.

"Malam, ba ka ji ba?"

"Na'am?"

"Na ce tana magana!"

Ya juya ta ɗaya kunnen, ya daɗe. Babu abin da ya ji. Ya ajiye ta, ya zauna a bakin tabarma.

Ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ni sai in riƙa saurara maka. Ko mu sayi tallaja, ai lantarki ya zo."

Ya ce, "Ran da wuta ta ɗauke fa? Kuma ke za ki biyo ni bakin masallaci? Wanda ya miƙa kofi shi za a tambaya, Saudatu. Halas, magana ta ƙare."

Bai sake fita da tebur ba. Ya ba da shi, har kwalaben da buhunan, ga maƙwabciyarsa Madina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ya ce ya zaɓe ta ne don kunnenta har zancen da ba a yi ba yana ji.

Mun gode, Baba Na'ibi. Allah ya shayar da kai daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa, ya saka wa Inna Saudatu da alheri. Mu kuma da muke sana'a, mai awo da mai tuƙi da mai ɗinki, mu koyi tsayawa mu saurara kafin mu miƙa wa mutane abin hannunmu, mu kuma san ranar da ya kamata mu ajiye.

Jiya bayan La'asar Madina ta ruga gida ta bar teburin, rana kuwa ta karkato tana dukan kwalabe. Baba ya tashi daga inuwar masallaci, ya ja kujerarsa tsakiyar rana, ya zauna daidai inda inuwarsa ta rufe su. Rana ta matsa, ya matsa. Da ta dawo ta tarar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Haba Baba, ka tare min kaya! Masu saye ta ina za su gani?"

Ya dube ta ya gyaɗa kai, ya ɗauki kujerarsa ya koma inuwa.