Tambayar da Ban Fassara wa Baba Ba

Yau shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai fata, kuma har yanzu mutanen Agege suna faɗin abin da ba shi ba ne. Wasu sun ce basir ne ya kashe shi. Wasu sun ce taurin kai irin na mutanen Maraɗi ya hana shi zuwa asibiti. Duk ba haka ba ne. Ciwon dajin hanji ne, kuma da ƙafarsa ya je asibiti tun abin bai yi nisa ba. Ni na raka shi.

Baba ya daɗe yana sayen fata a mayanka, amma Yarabancinsa bai wuce na ciniki ba, Turanci kuwa babu. Ni ce 'yar fari, don haka ko sunana ba ya kamawa. "'Yar lakwal" yake ce mini, wato 'yar makaranta a bakin mutanen Nijar. Da ya fara ramewa, wa zai yi masa tafinta in ba mai takardar sakandare ba?

Likitar ta ce in tambaye shi ko yana ganin jini in ya yi bayan gida. Na dubi Baba yana jan carbi, mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Sai na ce, "Baba, ta ce yaya cikin?"

"Ce mata da sauƙi," in ji shi.

Na juya na ce mata babu jini.

Ta miƙo 'yar kwalba, ta ce ya kawo bayan gida a auna. Baba ya tambayi ta mece ce, na ce ta zuba magani ce. A danfo, motar hayar da muka shiga, yana ta yabona ga wani dattijo: "Malam, ka ga amfanin lakwal. Turanci a bakinta kamar ruwa." Kwalbar kuwa a kwatar bakin layinmu na jefa ta.

Wata goma ya yi yana shan jiƙon basir na masu talla da lasifika. Da muka koma, ciwon ya riga ya bazu. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma tuna ni ba. Ya rasu 'yan makonni bayan soja sun miƙa mulki.

Da zai leƙo yau, da ya yi dariyar mahauta suna cinikin shanu ta wayar hannu. Amma da ya gane abokansa, don ba su canza ba. Watan jiya wasu likitoci suka zo firamaren unguwa suna auna manya kyauta. Yarabawa suka yi layi, namu suna ƙarƙashin rumfa suna kallo. Na ji wani yana cewa, "Da gemuna zan kai wa sa'ar jikata kashina a kwalba?" Na buɗe baki zan gaya masa magana, sai na tuna wace ce ni.

Abin da Baba ya bari ba fatu ba ne, kunyarsa ce, kuma ita ta sa har yau ake girmama gidanmu. Ba na zagin ta. Amma shi kunyarsa ba ta hana shi zuwa asibiti ba. Tawa ce ta hana shi amsa tambaya.

Yanzu ƙanensa, Baffa Hamza, ya fara zama a karkace a kan benci, da gorar jiƙo a gindinsa. Likitocin za su dawo, kuma na karɓo kwalba. Gobe bayan la'asar zan je, in durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, sannan in ce, "Baffa, kana ganin jini in ka yi kashi?" In ya kore ni, in koma jibi.

Kafin nan akwai Inna. Ba ta karatu, ni nake karanta mata jarida. Zan karanta mata wannan rubutun nawa yau, kuma ba zan canza ko kalma ɗaya ba.