Haihuwar Tsakiyar Damina

Da maigidana ya ajiye kakin soja muka dawo Zuru, gidan da muka gina a Rikoto ya yi mana yawa. 'Ya'yanmu duk sun watse, wannan yana Kaduna, waccan tana aure a Fatakwal. Sai muka ba 'yan makaranta ɗakunan baya, 'yan mata daga ƙauyukan wajen Ribah da Bena da iyayensu suka turo gari karatun sakandare. Shekarun nan ne wayar salula ta fara shigowa, kuma duk saurayin da ya sami ɗan abin hannu babur yake saye ya zama ɗan kabu-kabu.

Na ji daɗin zaman nan ƙwarai. Na yi rayuwar bariki a Ibadan da Inugu da Maiduguri, ban saba da gida shiru ba. Da safe guga na bugun bakin rijiya, suna gardamar wa ta fara zuwa, da C'lela harshenmu, da Hausa, da Turancin makaranta duk a cakuɗe. Ni kuwa in jefa musu Yarbanci don kawai in ga sun saki baki. Da yamma maigida, wanda kowa ke kira Saje, yana ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa, yana duba mai shigowa a makare kamar ana fareti.

Farkon zango uba zai zo da buhun dawa a bayan babur, ya sauke, ya yi wa 'yarsa addu'a, ya juya. A ransa ya gama ciyar da ita har hutu. A ƙauye kuwa gaskiyarsa ce, don itace yana bayan gida, ganyen miya ma haka, ruwa yana rafi, dutsen niƙa yana tsakar gida. A gari sai an kai dawa inji, itace saye ne, ga kananzir, ga sabulu, ga audugar mata wadda babu yarinyar da za ta iya ambata a gaban ubanta. Na ga ƙarshen irin wannan a wurare da yawa. A Ibadan mai shago ne ke cike giɓin, a Maiduguri direban mota. A Zuru ɗan kabu-kabu ne. Yau ya ce hau in rage miki hanya, gobe burodi, jibi sabulu.

Ƙaramar cikinsu ce a ɗakin ƙarshe, ba ta cika sha shida ba, siririya, ƙugunta kamar na yaro. Bayan Ista na lura ta daina wanka tare da sauran, kuma tana sa rigar sanyi cikin zafin nan da ko kaza sai ta nemi inuwa. Na kira ta ta taya ni ɓarar gyaɗa.

"'Yata, yaushe rabonki da al'ada?"

Ta daɗe tana juya kwasfa a hannu. "Tun kafin Kirsimeti, Mama."

Ashe da ɗankwali take ɗaure cikin. Wata ƙawarta ce ta gaya mata in an sha ruwan kanwa bayan abin babu abin da zai faru, ita kuma ta yarda, don ba wanda ya taɓa gaya mata wani abu dabam. Ɗan kabu-kabun da ya yi mata cikin kuwa tuni ya ɗora baburinsa a kan tirela ya yi Legas.

Ba abin kunyar ne ya tsaya mini a rai ba. A Maiduguri na taɓa raka maƙwabciyata duba ƙanwarta a asibiti, na ga ɗaki cike da 'yan mata irin wannan, waɗanda suka kwana suka wuni suna naƙuda a gida, ɗan ya mutu, su kuma suka tashi da yoyon fitsari. Shi ya sa washegari na sa ta a gaba muka tafi awo.

"Ina mijin?" in ji nas, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na ce, "Yana Legas. Ni ce mijin yanzu."

Ta yi dariya, ta duba ta, sannan ta ja ni gefe. Ta ce ƙugun ƙarami ne, ƙafafun sun fara kumburi, kada a kuskura yarinyar nan ta yi nesa da asibiti.

Muka aika wa iyayenta, uban ya zo ranar kasuwa. Dattijon ikilisiya ne a ƙauyensu, dogon mutum mai magana a hankali. Bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da Saje, ya sha ruwa, ya ce mu haɗa mata kayanta. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi, in ji shi, kuma tsohuwar da ta karɓi haihuwarsa shi kansa tana nan da ranta. Can ƙauyensu na bayan dutse ma idon mutane bai kai na gari yawa ba. Daga nan ya gangara kan golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata.

"Ni gonar uban uwarta na noma har hannuna ya yi kanta," ya ce. "Ba a ba ni ita ba sai da ta cika mace. Yanzu fa?"

"Kai da fartanya ka yi naka golmon," in ji Saje. "Wannan da burodi ya yi nasa, ko gumi bai yi ba."

Mutumin ya so ya yi dariya, ya haɗiye ta. Na matso da kujerata.

"Baba, yau ta ina ka biyo?"

"Ta rafi mana, Mama. Ko tayar babur ba ta jiƙe ba."

"A watan takwas fa? Lokacin ne za ta haihu."

Duk wanda ya fito wajen nan ya san rafin. In damina ta nutsa, sai ƙarti sun ɗauki babur a ka, wani lokaci ma sai a zauna a jira ruwa ya janye.

"Uwarta duk a ɗaki ta haife su," ya ce.

"Kai da bakinka ka ce sai da ta cika mace. Je ka dubi 'yarka da kyau, ka dawo ka gaya mini ko ta cika."

Bai je ba. Ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya yi mana godiya, ya hau baburinsa ko sallama bai yi wa yarinyar ba. Amma bai tafi da ita ba. Ta wuni tana kuka a ɗaki, ni kuwa na ɗora tuwo da kwanciyar rai.

Da aka gama shuka sai ga uwar, da ƙullin kayanta da damin itace. Ba ta taɓa kwana a gari ba. Ba ta iya zama haka nan, kafin mako ta nome mini bayan gida ta shuka kuɓewa da yakuwa. Watannin nan suna cikin waɗanda na fi tunawa da daɗi. Yarinyar ta bar makaranta, a coci aka sa ta zama a bencin baya, uwar ta koma can ta zauna kusa da ita, ni ma wata ran in bi su, don can iska ta fi shigowa. Sauran 'yan matan da farko sun ja jiki, daga baya har rige-rigen taɓa cikin suke yi in ɗan ya motsa.

Ranar Asabar ake kitso a gidan. Sai na mai da ita ranar magana. Duk wadda kanta ke hannuna ba ta da hanyar gudu, sai in gaya musu yadda ciki ke shiga ɓaro-ɓaro, kamar yadda na ji matan Yarbawa na yi wa 'ya'yansu. Ranar farko uwar ta rufe baki da gefen zane.

"Mama, a gaban yara?"

"Yaran ne ke ɗaukar cikin ai, ba ni ba."

Mako na gaba ita ce ta karɓe zancen, har tana kwaikwayon muryar ɗan kabu-kabu, yara na faɗuwa don dariya.

Naƙuda ta zo wata safiya, bayan an kwana biyu ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabcinmu mai mota ya kai mu. Har rana ta karkata kan ɗan ya ƙi saukowa, yarinyar ta gaji ko kuka ba ta iya yi. Likita ya ce sai tiyata. Uwar ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga, ta ce a yi. Muka zauna a baranda muna kallon ruwa na zuba daga kwano, Saje na ta kai da kawo da lema a rufe. Kafin magariba nas ta fito ta ce mace ce, ƙarama amma tana da murya, uwarta ma lafiya.

Mun aika ƙauye, amma uban bai iso ba sai bayan kwanaki. Ya shigo da wando jiƙe har cinya, takalma a hannu, ya baro baburinsa a wancan ƙetaren. Ya tsaya a ƙofar ɗakin masu jego yana ɗigar da ruwa, ya dube ni ya ce da C'lela, rafin ya kai wuya shekaranjiya.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji yarinyar daga kan gado, murya can ƙasa.

Ya ajiye takalman a bakin ƙofa, ya goge hannuwansa a riga, ya je ya zauna a gefen gadon.

"Kin ci abinci?" ya ce.