Taɓawar Baba Gyara

Mijina mai fenti ne, irin masu rubuta allon shago da zana hoto a jikin bango. In ka bi layinmu daga bakin titi har ƙarshe, allon mai aski da na mai gyaran waya da na kantin magani duk hannunsa ne. Amma ka tsaya ka yaba, sai ya fara sosa ƙeya yana cewa, "Ai ni shafawa kawai na yi, Baba ne ya ƙarasa." Babu maganar da na tsana a zaman aurenmu kamar wannan, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Baban da yake nufi ba mahaifinsa ba ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, kawunsa ya riƙo hannunsa ya kai shi shagon wani mai fenti ya ce a koya masa abin da zai ci abinci da shi. Mutumin nan shi ne ake kira Baba Gyara, kuma sunan bai zo a banza ba. In yaron shagonsa ya gama allo, sai ya zo ya tsaya a kai, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallo yana tsaki. Daga nan ya ɗauki siririn buroshi ya taɓa wuri ɗaya, ƙafar wani harafi ko gefen wani ganye, ya ce, "Yanzu ya zama aiki." Ba ya faɗin abin da ya lalace, ba ya faɗin abin da ya gyara. Sauran yaran sun gaji sun watse, wani ya koma tuƙi, wani ya shiga kasuwa. Nawa ne kaɗai ya zauna har gemu ya fito masa, ya haddace cewa duk abin da ya fito daga hannunsa rabin aiki ne.

Lokacin da na aure shi ya riga ya buɗe nasa shagon, ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe da warin kananzir, gwangwanayen fenti a jere a kan katako. Na ɗauka na auri mai cin gashin kansa. Ashe duk allon da ya gama, sai ya ɗaure shi a bayan keke da igiyar roba, ya tura shi har ɗaya gefen gari inda tsohon yake zaune a ƙofar gida, a taɓa masa. Da rana haka, da ruwan sama haka. Mai allo ya zo karɓa, a ce masa ya dawo gobe, ba a kai wa Baba ba tukuna. Mun haifi yara, sun yi wayo, sun shiga makaranta, keken nan bai huta ba.

Shi kuwa tsohon ya samu abin taunawa. Yana zaune a benci cikin tsararrakinsa, da ya hango keken sai ya ɗaga murya: "Ga ɗalibina nan ya kawo ɓarnarsa. Yaron nan hannunsa nauyi gare shi, ba don ni ba da tuni an rufe masa shago." Su yi dariya, mijina ma ya taya su, da furfura a gefen kansa. Da aka kawo min labarin sai da na kasa cin abinci.

Wata rana na bi shi, don gidan yayata yana kan hanyar. Na durƙusa na gaida tsohon, ya amsa min da hanci. Aka jingina allon, na wata mai sayar da kayan jarirai ne, da ɗan takalmi shuɗi a kusurwa. Ya yi kallonsa, ya yi tsakinsa, ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya zaro buroshi daga wani gwangwani. Ina kusa, na ga komai. Fentin cikin gwangwanin ya bushe ya tsattsage, gashin buroshin ya sandare. Ya goga shi a bakin takalmin, ya ce yanzu ya zama aiki. Da muka sha kwana na sa yatsa na shafa wurin. Yatsana ya fito fes.

Na bari sai da muka isa gida na nuna masa.

"Buroshin busasshe ne," na ce. "Babu abin da ya sa a allon nan. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake yi maka haka."

Na zaci zai zauna ya dafe kai. Sai ya taso min.

"Ke me kika sani a fenti? Wanki kika iya."

"Shi ya sa na san jiƙaƙƙe da busasshe. Aikina ke nan tun safe har yamma."

"Akwai abin da idonki ba zai gani ba. Da ya taɓa, ni na ga allon ya zauna."

"Allon a zaune yake tun a shagonka. Kai ne ba ka zauna ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Kwanaki muna gaisuwar baƙi a cikin gida ɗaya. A nan na gane ba tsohon kaɗai nake faɗa da shi ba. Ko gwangwanin na ɗauko na kifa masa a gaba, zai ce iska ce ta busar da shi yanzu-yanzu. Mutumin da zai zana maka kifi har ka ji ƙarninsa, a ransa yana jiran ranar da za a gane bai iya komai ba, a kore shi daga layin.

Wankin da ya goranta min, a asibiti nake yinsa, zannuwan gado da rigunan marasa lafiya. Ɗakin yara yana da wani dogon bango fari mai tabon ruwa, shi yaran suke ƙura wa ido in ana neman jijiya a hannunsu. Babbar nas ɗin ɗakin ta ce a gabana tana neman wanda zai cika bangon da zane. Ban yi shawara da kowa ba na ce ina da shi a gida.

Da na faɗa masa sai ya ce ba zai yi ba.

"Saboda me?"

"Bango ba ya hawa keke."

Wallahi da ba uban 'ya'yana ba ne da na faɗa masa abin da ba zai manta ba. Na ce na riga na ba da baki, in ya ƙi sai dai ya je da kansa ya gaya wa matar nan cewa shi ƙaton banza ne mai jiran izinin busasshen buroshi. Daga baya ya ce zai yi, amma da sharaɗin ranar ƙarshe zai ɗauko Baba a mota ya zo ya duba. Na ce ya ɗauko duk wanda ya ga dama.

Ya fara. Nakan leƙo in na kawo zannuwa, in same shi a kan tsani, harshe a waje kaɗan kamar yadda yake yi in aiki ya ci ransa. Ya zana kogi da kwalekwale, da wata babbar bishiya mai tsuntsaye kala-kala, da akuya ta miƙe tana cizon ganye. A tsakiya ya sa wata yarinya a kan lilo, ƙafafunta a sama, tana dariya da giɓin haƙori. Fuskar yarinyar nan ta cinye masa kwanaki. Iyaye mata masu jinya suka daina hira suka koma kallonsa. Wata ta ce yarinyar ta yi kama da tata kafin ciwo ya ramar da ita, ta juya tana share ido da gefen mayafi. Duk wanda ya yaba, amsarsa ɗaya ce: "Ba a gama ba tukuna."

Ranar ƙarshe ya shigo riƙe da hannun tsohon. Sun yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, ɗakin a cike yake. Likita na zagaye, ya bar gadon da yake dubawa ya zo ya kama hannun mijina da hannu biyu yana jinjinawa. Babbar nas ta ce tun da ta fara aiki ba ta ga yara sun manta da allura ba sai a makon nan. Babu wanda ya kalli tsohon sau biyu, an ɗauka mara lafiya ne aka kawo. Ni kuwa shi nake kallo. Na ga bakinsa ya tsuke, na ga yana bin bangon da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan yana neman aibi, bai samu ba. Ko tsakin bai fito ba.

"Ba ni buroshi," ya ce.

Mijina ya miƙa masa siriri, wankakke, da hannu biyu.

"Buɗe baƙin."

Aka buɗe gwangwanin baƙin fenti, ya tsoma buroshin har wuya, ya ciro shi yana ɗiga. Bai nufi ganye ba, bai nufi ƙafar akuya ba. Ya taka har gaban yarinyar lilo, ya ɗora mata a kumatu, ya ja har bakinta. Wasu za su ce hannunsa ne ya yi rawa, tsufa ne. Ni ina wurin. Hannunsa bai yi rawa ba sai bayan ya gama.

"Yanzu ya zama aiki," ya ce.

Baƙin ya fara gangarowa ta haɓarta zuwa wuya. Sai na ji muryar mijina, a hankali, yadda ya saba:

"Na gode, Baba."

Na jingina da ƙofa da zannuwa a hannuna, na ji na tsane shi. Ba zan yi ƙarya ba, a wannan lokacin na fi tsanarsa a kan tsohon. Na ce a raina shi ke nan, haka zan binne shi wata rana yana godiya.

Amma bai matsa daga wurin ba. Ya tsaya yana kallon fuskar, ya karkata kai, ya ja baya, ya dawo. Sai ya sunkuya ya ɗauki tsumma, ya jiƙa shi da kananzir, ya fara gogewa daga wuyan zuwa sama, sannu-sannu, don kada ya ci fentin ƙasa.

"Me kake yi?" in ji tsohon.

"Gogewa nake, Baba."

"Hannuna kake gogewa?"

"Fuskar ta riga ta yi."

"Kai har yaushe ka san abin da ya yi da wanda bai yi ba? Ni na ɗauke ka ba ka san riƙon buroshi ba."

"Haka ne, Baba. Har yanzu ma ban sani ba sosai." Bai juyo ba, yana ta gogewa. "Amma wannan bai yi ba."

Tsohon ya jefar da buroshin a ƙasa, baƙi ya fantsama a siminti, ni ce kuma na goge shi daga baya. Ya ce butulu, ya ce ɗan kwaikwayo, ya ce a ba shi wata uku za a ga allunansa suna zuba. Ya fita yana dafa bango, mijina ya bi shi zai kama masa hannu, ya fizge.

Tun daga ranar tsohon bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Mijina ya je sau da dama, ana ce masa Baba na barci alhali ana jin tarinsa daga ciki. Yayata ta ce in tausaya, tsoho ne, taɓawar nan ita kaɗai ta rage masa a duniya. Na ji. Sai dai shekarun da ya cinye wa mutum yana sa shi tura keke cikin ruwan sama, ban ga wanda ya tausaya a kansu ba, don haka tausayina bai kai can ba.

Kada wani ya ɗauka mijina ya warke a ranar. Allon farko da ya yi bayan bangon na wata tela ne, keken ɗinki da almakashi da sunan shago da jan fenti. Ya gama shi tun hantsi, ya kasa ajiye buroshi. Ya kewaya shi, ya zauna, ya tashi. Na kawo masa abinci shago na same shi a haka.

"Zo ki gani," ya ce. "Ya yi?"

Allon ya yi kyau har ya gaji da kyau. Maganar tana bakin harshena. Sai na ga yadda ya tsaya, kafaɗu a sunkuye, hannuwa a haɗe, yana jira, kuma na gane tsayuwar.

"Ban sani ba," na ce. "Ni wanki na iya."

"Don Allah ki bar wannan maganar. Ki duba kawai."

"Ba zan duba ba. Ba ka rabu da wancan don ka ɗora ni a bencinsa ba."

Ya kalle ni kamar na mare shi. Na ajiye kwanon na koma bayan shagon inda famfo yake, na tsaya ina wanke hannun da babu datti. Raina ya yi ta min zafi, don na san da kalma ɗaya zan sauke masa wannan nauyin, ya ci abincinsa cikin kwanciyar hankali.

Ina nan tsaye telar ta iso. Na ji takunta, na ji ta yi sallama, na ji ta ce, "Mai Fenti, an gama ko in dawo gobe?"

Na rufe famfon. Na riƙe bakina da jiƙaƙƙen hannu.

"An gama," ya ce. "Ɗauki abinki."

Bai kira ni ba.