Ranar da Tanti ta saki ɓerayena

Wasu shekaru can baya, ina sabuwar ma'aikaciya a wani labo na binciken kimiyya a Lyon ta Faransa, na yi kiwon ɓeraye biyu. E, ɓeraye. Ku yi dariyarku, an riga ku. An gama bincike da su ne aka ce mai so ya ɗauka, ni kuma ina zaune ni kaɗai a unguwar Minguettes, in dawo gida babu mai ce mini sannu. Farare ne tas, ɗaya da tabo a kunne. A keji aka haife su, ba su san komai ba sai hannun mutum. Ina buɗe ƙofa za su miƙe tsaye suna jirana.

Sai ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da atamfa a unguwar Goutte d'Or, ta zo daga Paris ta kwana biyu a wurina. Tana ajiye jaka ta hango kejin.

"Subhanallahi! Ɗiyata, kusu nika gani?"

"Tanti, na gida ne. Wallahi sun fi mage tsafta."

"Kusu kusu na. Cikin ɗakin da kike salla? In anka ji wagga magana Maraɗi, ina uwarki za ta sa kanta?"

Na yi bayani har bakina ya bushe, na roƙe ta kar ta taɓa su. Ta ce to. Ni sakarya na yarda, na tafi aiki.

Da na dawo na tarar an goge ɗaki, turaren wuta na tashi, ga tuwo da miyar kuka. Keji a buɗe, an wanke shi fes.

"Kwantar da hankalinki," in ji ta. "Ban kashe su ba, ina tsoron Allah. Wurin shara na kai su, su tai cikin 'yan'uwansu."

'Yan'uwansu! Dabbar da ba ta taɓa neman abinci da kanta ba, fara fat, a tsakiyar sanyi, ga maguna ko'ina. Na sauka da gudu, guntun ayaba a hannu, ina rarrafe ina leƙa ƙarƙashin motoci, maƙwabta na kallona ta taga. Na sami mai tabon a bayan taya yana karkarwa. Yana jin muryata ya hau hannuna. Ɗayan ban sake ganinsa ba.

Wanda ya tsira ya daina cin abinci, don ɓera ba ya jure zama shi kaɗai. Likitan dabbobi ya yi iya yinsa, bai kai ƙarshen wata ba.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, ni na ɗaukar mata jaka har bakin jirgi, na rusuna na ce Allah ya saka da alheri. Ta dafa kaina ta ce wata rana zan gane. Mahaifiyata ta bugo ta ce in ƙara yi mata godiya, na ƙara. Yanzu a kowane biki sai an ba da labarin wadda ta yi wa kusu kuka.

Na san don ƙauna ta yi, ban musa ba. Amma ta kalli tsabar idona ta ce to, alhali ta riga ta yanke abin da za ta yi, kuma wannan bai sake ni ba. Muna gaisawa, ina aika mata goron salla. Ta sha cewa za ta zo Lyon ta huta. Kullum amsata ɗaya ce: "Tanti, kar ki wahala, ni zan zo."