Hajo da Farin Zanen Hansai

A zamanin da ayarin fatake ke yada zango a Maska kan hanyarsu ta zuwa Nupe, tun Funtua tana ɗan ƙauye, an yi wata mata a unguwar marina ana ce da ita Hajo. Ba ta da tsawo, ba ta da yawan fara'a, amma duk uwar da ɗanta ya ɓata rigar salla da miya, gidan Hajo take aikawa.

Wurin kakarta ta koyi wanki, wata tsohuwa mai dafa sabulun salo. Tun Hajo tana ƙarama ita ke tara karan dawa a ƙona, ita ke tace ruwan toka, ita ke juya tukunya har hayaƙi ya jajanta mata ido. Ƙanwarta Rabi'atu kuwa tana jingine a cinyar tsohuwar ana yi mata kitso. Rabi'atu irin yaran nan ce da ko tulu suka fasa, sai a ce Allah dai ya sa ba su ji ciwo ba. Hajo ta lura da haka tun ba ta san yadda za ta faɗe shi ba, ta kuma ajiye shi a ranta.

Da suka girma, Hajo ta auri Mudi, wani marini mai sanyin hali wanda hannayensa suka rine da baba har gwiwa. Rabi'atu ta auri Sanda, Bafillatanin da iyayensa suka zauna a gefen Danja, ga gona ga garke. Hajo ta haihu ba sau ɗaya ba, amma ba wanda ya kai yaye, daga baya ma haihuwar ta tsaya. Rabi'atu kuwa ba a cika shekara biyu ba a aiko daga Danja cewa a je suna ba. Hajo takan je, ta yi daka, ta yi tuwo, ta yi barka, ta dawo ta yini ba ta ce wa Mudi uffan ba.

A wanki ta zuba duk ƙarfinta. Ba wankin manyan riguna take yi ba, wannan aikin maza ne a bakin rafi. Nata na kayan yara ne, 'yan taguwoyi da 'yan zannuwan da ake tanada don salla da biki, waɗanda yaro ke sakawa da safe, kafin azahar ya zane su da abin da ya ci. Miyar kuka ba ta ba ta wuya, ruwan sanyi ne da cuɗa, muddin ba a bari ta bushe ba. Tabon ɗinya da na goro sai da lemon tsami. Man shanu kuwa takan fara kankare shi da sakaina, ta barbaɗa allin da mata ke kaɗi da shi ya tsotse maiƙon, sannan ta kawo sabulu. Wanda ya fi taurin kai shi ne manja. Daga kudu fatake ke kawo shi, ba a ganinsa a tukunya sai ranar salla, ranar da yara ke cikin fararen kaya. Shi sai an haɗa masa alli da sabulu da lemo, a shimfiɗa a kan ciyawa cikin rana, a riƙa yayyafa ruwa har ya gaji ya tafi. Iyaye sukan aiko mata da ƙwaryar gero ko ƙullin daddawa, ta karɓa ta yi godiya, ta bi ɗan da ya kawo da kallo har ya fice.

Wata shekara Rabi'atu ta zo da kanta, goye da 'yarta ta uku, Hansai, wadda aka cire daga nono. Ta sauke ta a gaban Hajo.

"Yaya, ga ta nan. Ba yaye kaɗai na kawo ta ba. Mun yi magana da babanta, taki ce har ki aurar."

Hajo ta ɗauki yarinyar. Ta yi murna ƙwarai. Amma cikin murnar sai da ta ga yadda Rabi'atu ta faɗi maganar a sauƙaƙe, kamar mai rage nono a ƙwarya don ya yi yawa.

Ba a taɓa ganin yarinya mai tsabta a unguwar irin Hansai ba. In za ta ci tuwo sai an ɗaura mata tsumma a wuya. In ta dangwali miya da yawa, Hajo ta ce, "Sannu-sannu, zai zuba." In ta goge hannu a zane, a daka mata tsawa. Yarinyar tana son Innarta, a bayanta take barci, amma ta tashi tana cin abinci kamar mai tsoron kwanon.

Tana da shekara shida aka kai ta Danja ganin gida bayan kaka. Ta dawo kumatu sun ciko, zanenta ya yi dumu-dumu da man shanu da fura, bakinta kuwa ba ya rufuwa.

"Inna, a can in nono ya zubo maka ba a faɗa. Innata ta Danja dariya ma take yi."

"Wa kika ce?"

"Innata ta Danja."

Hajo ta kwance mata zanen, ta kai gindin rijiya, ta cuɗa shi har sai da bakinsa ya fara zarewa.

Ana saura kaɗan salla, Hajo ta gama tanadinta. Audugar gonar Mudi ce, ita ta gurje, ita ta kaɗa zaren da hannunta tun damina, aka saƙa, Mudi ya rina shi shuɗi mai haske. Ta naɗe ta ɓoye cikin ƙwarya, tana jiran ranar. Sai ga saƙo daga Danja a hannun masu kawo man shanu kasuwa: ɗan zane fari sol, mai siririn ratsin jan alharini a baki. Sanda ne ya saya wurin fatake. Hansai ta rungume shi tana tsalle. Da Hajo ta fito da shuɗin, yarinyar ta taɓa shi ta ce yana da kyau, ta koma kan farin. Ranar salla farin ta ɗaura. Shuɗin yana cikin ƙwarya.

Da la'asar ta shigo da gudu tana kuka. A gidan maƙwabta aka ba su shinkafa da miyar manja, wani yaro ya bangaje ta, miyar ta kwarara tun daga cinya har bakin zanen, ja wur.

"Inna, ki fitar mani! Ke kina iyawa, kowa ya ce kina iyawa!"

Hajo ta karɓa. Hannunta ne ya fara aikin tun kafin ta yi shawara da zuciyarta. Ta kankare, ta barbaɗa alli, ta bar shi ya kwana. Da safe ta cuɗa da sabulu, ta matsa lemo tana kauce wa ratsin alharinin don kada ya zuba, ta shimfiɗa a rana a bayan ɗaki inda ba a wucewa. Hansai ta tafi yawon salla cikin shuɗin zanen, tana tafe tana waiwaye. Kafin rana ta karkata, jan ya koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawar ya dushe, har ya ɓace. Hajo ta ɗaga zanen ta duba ciki da baya. Fari tas, kamar ba a taɓa ɗaura shi ba.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta ga yadda yarinyar za ta karɓe shi, ta ɗaura, ta zaga unguwa tana cewa Innarta ta Danja ce ta aiko. Ba wanda zai ce Hajo ce ta ƙone a rana a kansa. Sai ta naɗe shi, ta sa a hammata, ta nufi karofi, ta tarar da Mudi yana motsa wani rami da sanda.

"Malam, tsoma wannan."

Mudi ya warware zanen, ya juya shi. "Ina tabon?"

"Ni na san inda yake."

"Hajo, farin yarinyar nan ne fa. Tana sonsa."

"In ba za ka tsoma ba, ba ni, in kai wa wani."

Ya dube ta, ya dubi zanen, ya sa shi cikin ramin. Bai ƙara ta da maganar ba har ya mutu.

Da aka kawo zanen ya bushe, ya yi baƙi yana sheƙi, ratsin jan ya koma duhu sai an ƙura ido. Hansai ta riƙe shi tana juyawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta ce, "Inna, ke ma kin kasa?"

Hajo ba ta yi tsammanin wannan tambayar ba. Tun da take, ba a taɓa jin ta ce wani tabo ya gagare ta ba. Ta ce, "Na kasa."

Yarinya ce, ba ta riƙe magana. Kafin a gama bikin salla unguwa ta ji cewa manja ya ka da Hajo. Wasu iyayen suka fara kai nasu marina kai tsaye, wata maƙwabciyarta Ladidi kuma ta riƙa tambayarta ta kan danga ko ido ne ya fara rauni. Hajo ta shanye, ba halin ta musa.

Da bazara Rabi'atu ta zo gaisuwa. Tana ganin zanen a jikin Hansai ta gane shi. Hajo ta shirya wa faɗa, ta ma ƙosa a yi, don tana da maganganu tun na ƙuruciya da take son amayarwa. Amma Rabi'atu sai ta shafa zanen ta yi dariya.

"Kai, Yaya, ai haka ya fi. Fari da yaro ina zai kai? Na ma yi wautar aiko shi."

Wannan ya fi zagi ciwo. Ashe abin da Hajo ta zubar da sunanta a kansa, a wurin Rabi'atu ba komai ba ne. Da Rabi'atu za ta koma, Hansai ta riƙe mata zane ta ce sai ta bi ta. Rabi'atu ta dubi yayarta. Hajo ta ce, "Ta je mana. Na ɗaure ta ne?"

Daminar nan gaba ɗaya gidan ya yi tsit. Mudi ya ce a je a ɗauko yarinyar, Hajo ta ce ita ba ta roƙon abin da aka ba ta. Tana wanke kayan 'ya'yan mutane, tana ƙirƙiro wa kanta abin da ake yi a Danja: yanzu ana dama mata fura, yanzu tana kan cinyar Rabi'atu, yanzu an daina cewa "ta Danja", an koma "Inna" kawai.

Ana yankan dawa sai ga Sanda da jaki, Rabi'atu a baya, Hansai a kan jakin ta rame, an aske mata kai. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita har an fid da rai. Yarinyar ta sauka ta faɗa jikin Hajo ta ƙanƙame.

Rabi'atu ta ce, "Da jikin ya yi zafi ba ni take kira ba, Yaya. Ina riƙe da ita tana ture ni, wai Innarta take so. Ga ki ga 'yarki."

Hajo ta goya ta, duk da ƙafafun yarinyar na jan ƙasa, ta shiga zagaya tsakar gida hawaye na zuba. Amma da ta natsu sai ta ce, "Yarinya tana kwance haka, ba wanda ya aiko mani? Ke kaɗai kika yi jinya?" Rabi'atu ta ba da haƙuri. Hajo ta haƙura a baki. A ranta kuwa ta ga an sake yi mata kyauta, kuma mai kyautar dai ita ce ta farko.

Tun daga nan ta daina ɗaura wa Hansai tsumma a wuya, amma tsawar ba ta daina duka ba. Ita ta aurar da ita ga wani maɗinki a nan Maska, Lawal. Rabi'atu ta zo bikin ta zauna cikin baƙi, ta bar mata komai, Hajo ta ce ai don a yabe ta take yi.

Ba a jima ba Rabi'atu ta rasu bayan gajeren ciwo. Hajo ta tafi Danja a ƙafa, ta yi kukan da ya ba mutane mamaki, ta kuma taya wankan gawar da hannunta. Da ta dawo, Mudi ya tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "Mutane har daga rugage. Ban ga wanda bai zo ba." Can ta ƙara da cewa, "Ita komai nata haka yake."

Bayan Mudi ya rasu Hajo ta koma gidan Hansai. Idonta ya yi rauni da gaske a lokacin, sai ta riƙa lalube maiƙo da yatsa tana sunsunawa, iyaye kuma suka ci gaba da aiko mata. Da Hansai ta haifi mace, Lawal ya sa mata sunan marigayiya Rabi'atu, ana kiranta Uwa saboda kunya. Ranar sunan Hajo ta ce kanta ke ciwo, ta ƙi fitowa, ta ƙi cin naman. Amma ba a yi arba'in ba jaririyar ta koma bayanta, ba ta kuma sauka ba sai da aka yi mata ƙanwa. Wannan aka raɗa mata Hajara. Hansai ta kawo ta ɗakin tsohuwar da kanta.

"Inna, ga takwararki."

Hajo ta shafa fuskar jaririyar da tafinta wanda toka ta farfasa, ta daɗe tana shafawa.

"Allah ya raya ta," in ji ta. "Ko da yake ta biyu ce."

Hansai ta yi dariya har da hawaye. Hajo ba ta yi ba, don ba wasa take yi ba. Ta rayu har ta ga takwarar tata ta fara tafiya, sannan ta rasu cikin wata damina, aka binne ta a Maska.