Malama Shafa'atu Mai Kallon Zanen Mata

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma a wajenmu mace ba ta maganar ciki a gaban jama'a. Amma Malama Shafa'atu ta bar aiki, gara in faɗa.

Ita ce ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, a fadamar Kaoje. Da damina ruwa kan kewaye mu, mu zama tsibiri, sai jirgin Na'Allah mai fito ke fitar da mutum. Kullum in ta gama da masu zazzaɓi, sai ta sauko bakin gulbi inda muke wanki ta zauna. Ba ta wanki. Kallo take.

Kallon nan ne ba mu yarda da shi ba. Ta san wadda ƙafarta ta kumbura, da wadda ta fara neman tsamiya. Har matan da ke tsallakowa daga Benin ba su tsira ba. Wasu suka ce mayya ce. Surukata kan ce, "In kin hango matar ga, ki juya baya. Ido gare ta."

Ina da cikin fari ta tare ni.

"Ke ɗiyata, zanenki ya hau sama."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba ni da komai, Malama."

Ta ce, "To, komai ɗin nan naki da cikar gulbi zai zo. Wa kike da shi a tudu?"

Na gudu gida. Ina ruwanta da watan haihuwata? Wa take kai wa labari?

Ashe shiri take. Tun da rani take sanin wadda haihuwarta za ta faɗo lokacin ruwa, ta nema mata masauki a tudu inda mota ke zuwa, ta sa Na'Allah ya tsallakar da ita da wuri. Ta yi ta zarya gidanmu, surukata na rufe mata ƙofa, har maigidana ya yarda na koma wajen gwaggona a tudu. Na tafi ina zargin Malama.

Ranar haihuwa yaron ya zo a gicciye. Mota ta kai ni Bagudo aka yi mini aiki. Ranar ko Na'Allah bai iya sa jirgi a ruwa ba. Ga yaron nan, Sufyan, yana tattaka mini shanya.

Malama, ke ce kika sha zagi kika daure. Ke ce mai kallon da muka tsana, ya zame mana rai. Allah ya saka miki, ya ba masu irin aikinki haƙurinki.

Shekaranjiya aka yi mata ban kwana. An kawo wata yarinya, Hamdiyya, a madadinta, har mata sun fara cewa idonta bai yi musu ba. Ni ma ban saki jiki da ita ba. Malama ta riƙe hannuna, ta dubi zanena, ta ce, "Ita ba ta san tafiyarku ba tukuna. Sai kun gaya mata."

Da gari ya waye na goya Sufyan, na wuce surukata tana tambayar ina za ni. Na samu Hamdiyya tana shara. Na dubi ƙasa na ce, "Malama, ina da ciki. Da ruwa zai zo."