Gwiwar Goggo da Zafin Yola

Goggona, yayar babanmu, da ƙafa ta gudo daga ƙauyensu lokacin da 'yan bindiga suka shiga. Kafin mu ɗauko ta daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi zuwa gidanmu a unguwar Damilu a Yola, gwiwarta ta dama ta riga ta lalace. Sai bayan shekaru aka yi mata aiki, aka sa mata gwiwar ƙarfe da wata roba mai tauri a tsakiya, don kada ƙarafan su riƙa gugar juna.

Ƙafa ta warke sarai, amma robar nan ta tsaya mata a rai. Ta taɓa ganin bokiti ya narke a gefen murhu, kuma ta san zafin Yola. Ko kusa da wuta ba ta zuwa. Da rana ta take, sai ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta naɗe gwiwar.

Ranar da muka koma asibiti na tona mata asiri. Likitan ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Goggo, kafin robar nan ta narke, ke kanki kin daɗe da dahuwa."

Muna isa gida ta yar da tsumman, ta ture ni daga bakin murhu, ta ƙwace muciya.

"Matsa can," in ji ta. "Shekara da shekaru ina haɗiyar tuwonki mai gudaji, na yi shiru don ni baƙuwa ce."

Daga ranar ba ta ƙara kiran kanta baƙuwa ba.